Fasasshen madubi da ruwan da ya zube: Rabuwa da kome a labaran soyayyar ƙasar Sin

Da yawa daga cikin fitattun labaran soyayya na ƙasar Sin, tun daga waƙoƙin dauri har zuwa littattafan da ake karantawa a wayar hannu a yau, sun ginu ne a kan abin da ke biyo bayan rabuwa. Akwai matar da aka kora daga ɗakinta, da saurayin da ya ci amana bayan ya samu muƙami, da ma'auratan da yaƙi ko talauci ya raba. Tambaya guda ce ke yawan dawowa a cikinsu: idan aure ko alkawari ya mutu, ana iya kome? In kuwa ana iya yi, wa ke da ikon yanke wannan hukunci? Amsar ta riƙa sauyawa tare da sauyin doka da zamantakewa. A tsofaffin labarai hukuncin yana hannun sarakuna da alƙalai da iyaye. A mafi yawan na yau ya koma hannun matar da aka zalunta.

Karin magana biyu

Sinawa suna da karin magana biyu masu karo da juna a kan wannan batu, kuma kowanne yana da labarin da ake jingina shi gare shi.

Na farko shi ne pojing chongyuan, wato fasasshen madubi ya sake haɗewa. An samo shi daga labarin Gimbiya Lechang ta daular Chen da mijinta Xu Deyan, wanda Meng Qi ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 9. Da suka ga alamar daularsu za ta faɗi, sai suka raba madubin tagulla gida biyu, kowa ya riƙe rabi. Suka yi alkawari cewa idan yaƙi ya raba su, za a riƙa kai rabin madubin kasuwar babban birni a ranar 15 ga watan farko na shekara, ranar bikin fitilu. Daular Chen ta faɗa hannun daular Sui a shekarar 589, aka kai gimbiyar gidan wani babban kwamanda mai suna Yang Su. Xu Deyan ya isa kasuwar a ranar da aka ajiye, ya tarar da wani bara yana tallar rabin madubi a kan farashi mai tsada, ya haɗa da nasa suka dace. Da labari ya kai kunnen Yang Su, sai ya kira mijin ya mayar masa da matarsa.

Na biyu shi ne fushui nanshou, wato ruwan da ya zube ba ya kwasuwa. An fi danganta shi da Zhu Maichen, wani matalauci mai sayar da itace a daular Han, a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, wanda matarsa ta gaji da talauci ta nemi ya sallame ta. Daga baya ya zama gwamnan yankin Kuaiji. A wasannin kwaikwayon da aka tsara kan labarin, matar ta dawo tana neman kome, shi kuwa ya zubar da ruwa a gaban dokinsa, ya ce in ta kwashe shi zai mayar da ita.

A duka labaran biyu, matar ba ta da ta cewa. Ta farko an mayar da ita ne don karamcin mai iko, ta biyu kuma an ƙi ta ne bisa hukuncin mijin da ya samu ɗaukaka.

Dokar gida da ikon iyaye

Ba za a fahimci baƙin cikin da ke cikin tsofaffin labaran ba sai an san tsarin auren da suka fito daga cikinsa. Aure a wancan zamani yarjejeniya ce tsakanin dangi biyu, iyaye da 'yan tsakani ke ƙulla ta. Littattafan al'ada, da kuma kundin dokokin daular Tang na ƙarni na 7, sun lissafa dalilai bakwai na sakin mace: rashin biyayya ga iyayen miji, rashin haihuwar ɗa namiji, zina, kishi, muguwar cuta, yawan surutu da sata. An kuma kafa sharuɗɗa uku da ke hana sakin: idan ba ta da gidan da za ta koma, ko ta yi zaman makokin iyayen mijin na shekara uku, ko kuma ta aure shi yana talaka daga baya ya yi arziki. Dokar ta yarda da rabuwa bisa amincewar juna, kuma an samu takardun irin wannan saki a cikin tsofaffin rubuce-rubucen kogunan Dunhuang.

Dalili na farko, wato rashin gamsar da iyayen miji, shi ya haifar da ɗaya daga cikin sanannun waƙoƙin labari na Sinanci, Kongque Dongnan Fei, ma'ana ɗawisu ya tashi zuwa kudu maso gabas. Labarin ya faru ne a ƙarshen daular Han, tsakanin shekarun 196 da 220, an kuma adana waƙar a wani kundi na ƙarni na 6. Liu Lanzhi mace ce mai ƙwazon saƙa, tana zaman lafiya da mijinta Jiao Zhongqing, ƙaramin ma'aikacin hukuma, amma uwar mijin ta tsane ta har ta sa aka kore ta. Mijin ya yi alkawarin zai dawo da ita. Kafin ya cika alkawarin, yayanta ya tilasta mata auren ɗan wani babban jami'i. A ranar bikin ta faɗa ruwa, shi ma mijin ya rataye kansa, aka binne su a kabari ɗaya.

Irin wannan ƙaddara ake bayarwa game da mawaƙi Lu You, wanda ya rayu daga 1125 zuwa 1210. An ce mahaifiyarsa ta tilasta masa sakin matarsa Tang Wan. Bayan shekaru suka haɗu a lambun Shen da ke Shaoxing, kowa da aurensa, ya rubuta waƙar nadama a jikin bango. Har yau masu ziyara na zuwa lambun saboda wannan labari.

Cin amana da gyaran ƙarshen labari

Wani rukunin labaran ya ɗora laifin a kan saurayi ko miji. A labarin Yingying Zhuan na Yuan Zhen, wanda ya rayu daga 779 zuwa 831, ɗalibi Zhang ya yi soyayya da Cui Yingying, ya tafi babban birni neman jarrabawar shiga aikin gwamnati, sannan ya yi watsi da ita. Kowa ya yi aurensa. Da ya biyo ta garinta yana neman ganinta, sai ta ƙi fitowa. Wannan ƙarshe bai kwanta wa masu sauraro a rai ba, shi ya sa aka yi ta sake fasalin labarin. A wasan kwaikwayon Xixiang Ji na Wang Shifu, a zamanin daular Yuan, Zhang ya ci jarrabawa ya dawo ya auri Yingying.

Tang Xianzu ya wuce nan a wasansa Mudan Ting na 1598, inda budurwa Du Liniang ta mutu saboda begen saurayin da ta gani a mafarki, sannan ta dawo duniya ta aure shi. A ɗaya ɓangaren akwai wasan Chen Shimei, mutumin da ya ci jarrabawa, ya ɓoye cewa yana da iyali ya auri 'yar sarki, har ya tura a kashe matarsa ta fari Qin Xianglian da 'ya'yansu. Alƙali Bao ya yanke masa hukuncin kisa. Har yanzu Sinawa na kiran mijin da ya juya wa matarsa baya bayan ya samu duniya da sunan Chen Shimei.

Labarin kome mafi ban mamaki a wannan zamani shi ne na rigar lu'ulu'u, wanda Feng Menglong ya buɗe tarin labaransa da shi wajen shekarar 1620. Ɗan kasuwa Jiang Xingge ya tafi fatauci Guangdong ya daɗe, wata tsohuwa 'yar kai-komo ta haɗa matarsa Wang Sanqiao da wani ɗan kasuwar. Matar ta ba kwarton rigar lu'ulu'u ta gadon gidan mijinta. Jiang ya ga rigar a jikin mutumin a Suzhou, ya koma gida ya saki matar ba tare da ya tona mata asiri ba, yana kuma zargin kansa da barinta don neman riba. Da za ta auri wani alƙali, ya aika mata da akwatunan kayanta 16 a kulle. Bayan wani lokaci aka tuhumi Jiang da kisan kai, shari'ar ta faɗo gaban wannan alƙali. Sanqiao ta roƙi a sassauta masa, tana cewa ɗan'uwanta ne. Da alƙalin ya ga yadda suka rungumi juna suna kuka, ya gane gaskiya, ya mayar masa da ita. Sai dai ta koma ne a matsayin ta biyu, domin Jiang ya riga ya sake aure. Yafe wa matar da ta ci amana abu ne da ba a saba gani ba a adabin lokacin, ko da yake a nan ma alƙali ne ya yanke hukuncin.

Babban littafin Cao Xueqin, Honglou Meng, wato mafarkin jan ɗaki, wanda aka fara bugawa da babi 120 a 1791, ya rufe ƙofar kome gaba ɗaya. Dangi sun yaudari Jia Baoyu, ya shiga ɗakin amarya yana zaton masoyiyarsa Lin Daiyu ce, ashe Xue Baochai aka ɗaura masa. A daidai lokacin Daiyu, wadda ta riga ta ƙona waƙoƙinta, take cikawa. Daga ƙarshe Baoyu ya bar gida ya shiga zuhudu.

Ƙarni na 20: 'yancin zaɓi da tsadarsa

Rushewar mulkin sarakuna a 1911 ta zo da sababbin masu karatu a birane, musamman Shanghai, inda jaridu ke buga labarai kashi-kashi. Yuli Hun na Xu Zhenya, wanda ya fito a 1912, ya ba da labarin malamin gida da ya kamu da son wata matashiya da mijinta ya rasu. Al'ada ta hana ta sake aure, don haka ta haɗa shi da ƙanwar mijinta, auren da babu mai so. Matan biyu suka mutu da baƙin ciki, shi kuma ya mutu a fagen juyin juya hali.

Marubutan da suka biyo baya sun yi kira ga 'yancin zaɓen abokin zama, amma Lu Xun ya nuna iyakar wannan 'yanci a gajeren labarinsa Shangshi na 1925. Zijun ta bijire wa danginta ta tare da Juansheng. Ya rasa aikinsa, talauci ya shigo, ƙauna ta dushe, har ya faɗa mata ya daina sonta. Ta koma gidan mahaifinta, ba da daɗewa ba ta rasu, ya rage da nadamar da ba ta da amfani. Darasin shi ne macen da ba ta da abin hannunta, ko ta zaɓi mijinta da kanta, ba ta da mafita idan zama ya ƙi.

Eileen Chang, wadda Sinawa ke kira Zhang Ailing, ta rayu daga 1920 zuwa 1995, kuma ta rubuta duka fuskokin biyu. A Qingcheng Zhi Lian na 1943, Bai Liusu bazawara ce da 'yan'uwanta suka cinye kuɗinta sannan suka riƙa yi mata gori a gidansu na Shanghai. Tana neman aure don ta tsira, attajiri Fan Liuyuan kuwa yana son ta ba tare da ɗaukar nauyin aure ba. Harin da Japan ta kai Hong Kong a Disamban 1941 ne ya tsare su wuri ɗaya har suka yi aure. A Bansheng Yuan kuma, yayar Gu Manzhen ta haɗa baki da mijinta ya yi wa Manzhen fyaɗe, suka kulle ta, suka sa saurayinta Shen Shijun ya ɗauka ta guje shi. Sun sake haɗuwa bayan fiye da shekara goma, gaskiya ta bayyana, amma yana da mata da 'ya'ya, ita ma tana da ɗa, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Sauyin doka da sababbin jarumai

Dokar aure da ta fara aiki ranar 1 ga Mayun 1950 ta haramta auren dole da ajiye ƙwarƙwara, ta kuma ba mace damar neman saki. A 1953 kaɗai kotuna sun karɓi ƙararrakin saki fiye da miliyan ɗaya. Sai dai labaran soyayya sun ja baya a babban yankin ƙasar, musamman a shekarun Juyin Al'adu daga 1966 zuwa 1976. Sun farfaɗo da gajeren labarin Zhang Jie na 1979, game da wata uwa da ta rabu da mijin da ba ta so, ta ƙare rayuwarta tana son wani mai aure daga nesa. Labarin ya tayar da muhawara kan zaman auren da babu ƙauna a cikinsa. Dokar 1980 ta amince da mutuwar ƙauna tsakanin ma'aurata a matsayin hujjar raba aure.

A tsawon waɗannan shekaru, Taiwan da Hong Kong ne suka riƙe kasuwar. Qiong Yao, wadda ta rasu a Disamban 2024 tana da shekara 86, ta sabunta labarin fasasshen madubi a Tingyuan Shenshen na 1969. Uwar miji ta gallaza wa Zhang Hanyan, mijin ya zarge ta da cin amana, ta fice cikin dare aka ɗauka ta nitse a ruwa. Bayan shekara goma ta dawo da sabon suna a matsayin malama, ta tarar da mijin ya makance a gobara. A nan shi ne ke roƙo, ita ce ke da zaɓin tafiya ko zama.

Yi Shu ta Hong Kong ta ɗauki wata hanyar. A Wo De Qian Bansheng na 1982 ta aro sunayen Zijun da Juansheng daga Lu Xun da gangan. Wannan Zijun ɗin, likitan da ta aura ya sake ta bayan shekara 13 saboda wata. Ta nemi aiki, ta koyi sana'a, ta tsaya da ƙafafunta, daga baya ta auri wani. An mayar da littafin wasan talabijin a 2017. Daga nan ma'anar dama ta biyu ta faɗaɗa, ta haɗa da sabuwar rayuwa ba tare da tsohon miji ba.

Zamanin intanet da rukunonin labarai

Tun farkon shekarun 2000 kasuwar ta koma intanet. An kafa shafin Qidian a 2002, sai Jinjiang a 2003, wanda ya zama babbar matattarar mata marubuta da masu karatu. Ana sakin labari babi-babi, mai karatu ya biya kuɗi kaɗan kan kowane babi, ya kuma bayyana ra'ayinsa tun marubuciya ba ta kammala ba. Kowane labari yana ɗauke da alamun rukuni, har da bayanin ko zai ƙare da daɗi ko da kuka. Huɗu daga cikin rukunonin sun shafi wannan batu kai tsaye.

Na farko shi ne tsohon karin maganar nan, pojing chongyuan, wanda ya zama sunan rukuni. Fitaccen misali shi ne Heyi Shengxiao Mo na Gu Man, inda lauya He Yichen da mai ɗaukar hoto Zhao Mosheng suka rabu tun suna jami'a, ta tafi Amurka, suka sake haɗuwa bayan shekara bakwai. Wasan talabijin ɗinsa ya fito a 2015.

Na biyu shi ne xianhun houai, aure kafin soyayya. Ma'auratan da dangi ko wata yarjejeniya ta haɗa suna fara zama kamar baƙi, sannan shaƙuwa ta shiga a hankali.

Na uku shi ne zhuiqi huozangchang, wanda a zahiri ke nufin bin mata har wurin ƙona gawa, wato biko mai tsananin wahala. Miji mai girman kai yana wulaƙanta matarsa ko ya fifita wata a kanta. Ta haƙura har ta gaji, ta ajiye masa takardar saki ta tafi. Sai a lokacin yake gane darajarta, kuma ragowar littafin yakan tafi ne a kan ƙasƙancin da zai sha kafin ta saurare shi. Sansheng Sanshi Shili Taohua na Tang Qi, da aka yi wasansa a 2017, ya kai wannan salo duniyar almara: an cire wa jarumar idanu bisa ƙazafin wata mai kishi da ita, ta faɗa daga wani dandamali na sama, ta sha maganin mantuwa, mijin ya shafe ƙarnuka yana nemanta.

Na huɗu shi ne chongsheng, sake rayuwa. Dabara ce ta ƙagaggen labari, inda matar da miji ya ci amanarta har ta mutu take farkawa a shekarun ƙuruciyarta, tana tuna duk abin da ya faru. Galibi takan ƙi auren da ya hallaka ta, ta kare danginta, ta kuma rama abin da aka yi mata. Marubuciya Qian Shan Cha Ke na cikin waɗanda suka shahara da wannan salo.

Akwai kuma labaran da suka ƙi kome ɗungurungum. A Ruyi Zhuan na Liu Lianzi, wanda aka nuna a talabijin a 2018, zaman sarki Qianlong da matarsa ya lalace sannu a hankali saboda zargi da makircin fada, har ta yanke gashinta a gabansa, alamar ta yanke ƙauna.

Muhawarar da ake yi

Waɗannan labarai suna fitowa ne a ƙasar da batun saki ya zama abin tattaunawa a bainar jama'a. A 2003 aka daina neman takardar wurin aiki kafin rajistar saki. Alƙaluman ma'aikatar harkokin jama'a sun nuna ma'aurata kimanin miliyan 4.7 ne suka rabu a 2019. Daga 1 ga Janairun 2021 sabon kundin dokoki ya wajabta jiran kwana 30 ga masu neman rabuwa bisa amincewar juna, kuma a cikin kwanakin ɗayansu na iya janye buƙatar. A wannan shekarar adadin ya sauka zuwa kimanin miliyan 2.8. Mata da dama sun soki tanadin, suna ganin zai iya tsare wadda ake cutarwa a gidan mai cutar da ita.

Irin wannan saɓani ya shiga tsakanin masu karatu. Masu son labaran biko suna cewa sukan samu sanyin rai idan suka ga mai zalunci ya durƙusa yana neman gafara, abin da ba kasafai ake gani a zahiri ba. Masu suka kuwa suna ganin salon yana ƙawata cin zarafi, domin yana koya cewa duk irin azabar da miji ya gana wa mace, hawaye da dukiya za su wanke shi. Wannan suka ta haifar da wani reshe na rukunin, inda mijin ke yin bikon har ƙarshe amma matar ta ƙi komawa, ko ta auri wani. Marubuta kan sanar da haka tun a gabatarwa, don mai karatu ya san abin da zai saya.

Ta hanyar manhajojin fassara irin su Webnovel, wadda ta fara aiki a 2017, da gajerun fina-finan waya masu babin minti ɗaya ko biyu, waɗannan salo sun bazu zuwa ƙasashe da dama. Mai kallon da ya ci karo da labarin attajirin da ke roƙon tsohuwar matarsa a ƙofar gida, yana kallon jikan labarin Zhu Maichen ne da aka juya, domin yanzu matar ce ke zubar da ruwan, kuma ita ke faɗin ko zai kwasu.